Ana Zaton Wuta a Maƙera: Gwajin Hanta da Abin da Ya Faru da Maganin FIAU a 1993

Ranar Asabar 26 ga watan Yunin 1993, likitocin cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wadda aka fi sani da NIH, a garin Bethesda na jihar Maryland, suka shiga neman marasa lafiyarsu ɗaya bayan ɗaya. Saƙon guda ne: kowa ya ajiye maganin da aka ba shi, kada ya ƙara sha. Mutum 15 ne a cikin gwajin, dukansu masu ciwon hanta nau'in B wanda ya zauna musu a jiki, kuma an shiga mako na 13 ke nan da fara ba su wani sabon magani mai suna fialuridine, wanda ake taƙaitawa FIAU. Abin da ya tayar da hankali shi ne an kai ɗaya daga cikinsu asibiti rai a hannun Allah, hantarsa ta gaza, jininsa ya yi tsami. Nan take aka dakatar da komai, amma aikin gama ya riga ya gama. Mutum 7 hantarsu ta ci gaba da lalacewa duk da sun daina shan maganin. Daga cikinsu 5 suka rasu, 2 suka tsira bayan an yi musu dashen hanta. Wasu 3 kuma suka samu rauni mai sauƙi.

Abin da ya sa lamarin nan yake tsaya mini a rai shi ne irin kulawar da mutanen suke samu. Da wuya a ce a lokacin akwai masu ciwon hanta a duniya da ake sa wa ido kamar su. Duk mako ɗaya ko biyu ana ɗibar jininsu, ana aunawa a ɗakin gwaje-gwajen da ba shi da matsalar wuta ko ta sinadari, kuma masu karanta sakamakon ƙwararru ne da suka ƙare rayuwarsu a kan hanta. Duk da haka gubar ta shige ta gabansu, ba su gan ta ba sai da ta gama cin jiki. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar awon hanta a hannunsa, ya ga lambobi sun faɗa cikin iyaka ya yi hamdala, ko ya ga sun haura ya kasa barci, akwai abin da ya shafe shi a cikin labarin nan.

Cutar da maganin

Ƙwayar cutar hanta nau'in B idan ta zauna a jiki takan kwashe shekaru tana gurzar hanta a hankali, mai ita yana harkokinsa bai sani ba. Ƙarshen wasu shi ne hantar ta ƙanƙance ta yi tauri, wasu kuma kansar hanta. A farkon shekarun 1990 magani ɗaya ne tak a hannun likitoci, allurar intaferon, wadda ake yi tsawon watanni, tana sa zazzaɓi da ciwon jiki da kasala, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai take yi wa aiki. Don haka kowa ya ƙagu a samu abin da za a sha ta baki.

An haɗa FIAU da danginsa a cibiyar Sloan-Kettering ta birnin New York tun ƙarshen shekarun 1970, da nufin yaƙar wasu ƙwayoyin cuta daban. Dabararsa ita ce sojan gona. Siffarsa ta yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da ake gina ƙwayar gado ta DNA da su, don haka idan ƙwayar cuta ta zo hayayyafa sai ta ɗauke shi ta sa a gininta, ginin ya lalace. Wani ƙaramin kamfani mai suna Oclassen ne ya fara kai shi gwaji a jikin mutane, daga baya a 1992 babban kamfanin nan Eli Lilly ya shigo. An gwada shi a ɓeraye da karnuka da birai, ba a ga ya taɓa hanta ba. A wani gwaji na mako 4 da aka yi a NIH ƙarƙashin Dakta Jay Hoofnagle, yawan ƙwayar cutar a jini ya faɗi warwas, abin da ba a saba gani ba, sai dai a jikin da dama daga cikinsu ta sake ɗagowa bayan an daina. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: a tsawaita lokacin. A watan Maris na 1993 aka fara sabon gwaji na mako 24, aka raba mutanen gida biyu, wasu na shan miligiram 0.10 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu a kullum, wasu 0.25. Ba a ware wani rukuni da ba ya shan maganin don a riƙa kwatantawa ba. Wannan giɓin zai dawo ya zama abin magana.

Abin da ke cikin takardar

Kafin a gane inda gizo ya yi saƙa, sai an san me kowane layi na takardar yake aunawa, domin sunan da aka ba su a dunƙule, gwajin aikin hanta, yana ruɗar mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya.

A ɗauki hanta kamar gidan injin niƙa. Akwai buhunan hatsi a jibge, akwai inji da ke aiki, akwai gari da ke fita, akwai dusa da ake sharewa. Layuka biyu na farko da ido ke fara sauka a kansu, ALT da AST, tamkar tsabar da ta zube a ƙasa ne. Sinadarai ne da mazauninsu ke cikin ƙwayoyin hanta, ba su da wani aiki a cikin jini. Idan ƙwayar hanta ta ji rauni ko ta fashe sai su tsiyayo, a gan su sun yi yawa. Ganin tsaba a ƙasa yana nuna buhu ya huje, amma ba ya faɗa maka ko injin na niƙa. Tsofaffin takardu kan rubuta su SGPT da SGOT, a Nijar kuma za a ga ALAT da ASAT. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakarsu ta sama a wajen 40. Mai ciwon hanta na B da ya zauna kan samu ɗaruruwa a lokacin da cutar ta motsa, wanda ya sha farasitamol fiye da kima kuwa yakan kai dubbai. Tun 1955 Arthur Karmen da Felix Wroblewski da John LaDue suka bayyana yadda ake auna irin waɗannan sinadarai a jini, kuma ciwon zuciya aka fara bi da AST kafin hanta, domin akwai shi a tsokar zuciya da sauran tsokokin jiki. Shi ya sa wanda ya wuni yana aikin ƙarfi ko ya ji rauni a tsoka AST ɗinsa kan iya hawa alhali hantarsa lafiya lau. ALT ya fi keɓanta da hanta.

ALP da GGT su kuma sun fi ba da labarin magudanar ruwan matsarmama, ko ta toshe. ALP yana fitowa daga ƙashi ma, da mahaifa, don haka yaro mai girma da mace mai juna biyu nasu kan yi sama ba tare da wata cuta ba.

Bilirubin shi ne dusar. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana kamar 120 su mutu, abin da ya rage daga cikinsu launin ruwan ɗorawa ne, hanta ke karɓarsa ta sarrafa shi ta tura shi hanji. Idan ta kasa sai ya taru, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi, a ce mutum ya kamu da shawara. A mai lafiya ba ya wuce maikromol 20 ko kusa da haka a lita, kuma sai ya kai wajen 50 kafin a gan shi a farin ido. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan riga kowa sani: da an ciro kwalbar daga injin juya jini, jan ya kwanta a ƙasa, ruwan da ke sama wanda ya kamata ya zama kalar kara sai a ga ya rine kamar an jiƙa kurkur. Amma shi ma yana da nasa ruɗanin, domin maleriya da sikila suna fasa jajayen ƙwayoyi da yawa su ɗaga shi ba da laifin hanta ba.

Garin da injin ke fitarwa, wato ainihin aikin, abu biyu ke nuna shi. Na farko albumin, furotin ɗin da hanta kaɗai ke ƙerawa, wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. Daidai ɗinsa giram 35 zuwa 50 a lita. Matsalarsa jinkiri: sai ya yi kusan kwana 20 kafin rabinsa ya ƙare a jini, don haka hanta na iya tsayawa yau, albumin ya ci gaba da nuna lafiya har tsawon kwanaki. Na biyu shi ne lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, gwajin da Armand Quick ya ƙirƙiro a 1935, wanda ake rubutawa PT, ko INR bayan an daidaita lissafinsa. Sinadaran daskarar da jini hanta ke yin su, kuma ɗaya daga ciki, mai lamba 7, sa'o'i 4 zuwa 6 kawai yake yi rabinsa ya ƙare. Wannan ya sa INR ya fi kowane layi saurin tona asirin hantar da ta fara gazawa. A mai lafiya yana wajen 1. Idan ya kai 1.5 a jikin mai shawara, sannan hankalinsa ya fara gushewa, likita ya san lamarin ya kai ga gazawar hanta.

Tarkon da aka faɗa

A ciwon hanta na B, ita ƙwayar cutar ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta da kanta ba. Garkuwar jiki ce ke kai hari kan ƙwayoyin da suka kamu, ta farfasa su. Saboda haka likitocin da suka yi shekaru suna ba da intaferon sun koyi wani darasi da ya zauna musu: idan ana cikin magani ALT ya yi tsalle, sau da yawa albishir ne, alama ce garkuwar jiki ta farka tana share cutar, kuma waɗanda nasu ya yi irin wannan tsallen su suka fi samun waraka. Darasin gaskiya ne, har gobe ana aiki da shi.

To sai ga FIAU. A gwaje-gwajen farko an ga ALT na wasu ya tashi, musamman bayan kammala shan maganin, a daidai lokacin da ƙwayar cutar ke raguwa. Lambar da za ta iya nufin magani yana cin hanta ita ce dai lambar da za ta iya nufin magani yana aiki, kuma takarda ba ta rarrabewa. An karanta ta da fassarar da aka saba da ita, wadda kuma ita ce ake fata. Wasu daga cikin waɗanda suka shiga gwaje-gwajen farko sun rasu daga baya, amma mutane ne masu cututtuka masu nauyi, wasu da ƙanjamau, wasu da hantar da ta riga ta jigata, sai aka jingina mutuwarsu ga abin da suke fama da shi tun asali. Kowane bayani idan aka ɗauke shi shi kaɗai yana da ma'ana. Da babu rukunin da ba ya shan maganin, babu yadda za a yi a ce abin nan ya fi yawa a wajen masu sha.

Wannan rabin tarkon ne. Ɗaya rabin ya fi muni, domin a gwajin 1993 mutanen da suka fi shiga haɗari ALT ɗinsu bai yi wani tashin a zo a gani ba. Abin da suka riƙa kawowa koke ne irin wanda kowa ke yi: gajiya, tashin zuciya, amai, ciwon ciki, rashin cin abinci, wasu kuma jin ƙafafu na yi musu zugi ko dindiris. Mai ciwon hanta da ke shan sabon magani ya ce yana jin kasala da tashin zuciya, aka duba takardarsa aka ga lambobin ba su yi nisa da inda suke ba, me za a ce masa? A rage masa magani ko a dakatar na ɗan lokaci a ga yadda hali zai yi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Inda wutar take

A cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya. Su ne murhun ƙwayar, a nan ake ƙona sukari da kitse da iskar da muke shaƙa a samu ƙarfi. Ƙwayar hanta guda tana ɗauke da ɗaruruwansu zuwa dubbai. Suna da tasu DNA daban da ta ƙwayar, da nasu maginin da ke kwafe ta, wanda masana ke kira folimares gama. Shi wannan maginin, kamar ƙwayar cutar, bai iya gane sojan gona ba. Ya riƙa ɗaukar FIAU yana sa shi a cikin DNA ɗin maitokondiriya, ana tafiya ana tarawa, har murhun ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

A koma ga gidan injin niƙa. Babu wanda ya huda buhu, don haka ba tsaba a ƙasa. Man injin aka yanke. Ƙwayoyin hanta suna nan a tsaye ba su fashe ba, shi ya sa ALT bai yi ihu ba, amma ba sa iya aiki. Da aka duba naman hantar waɗanda abin ya shafa a madubin likita, abin da aka gani ke nan: ƙwayoyi cike da ɗigo-ɗigon kitse manya da ƙanana, kitsen da ya rasa murhun da zai ƙona shi, ga maitokondiriya sun lalace, amma matattun ƙwayoyi kaɗan ne.

Ƙwayar da murhunta ya mutu takan koma ƙona sukari rabi da rabi, abin da ke fita daga nan shi ne sinadarin laktik, wanda ke sa jini tsami. A mai lafiya ba ya wuce milimol 2 a lita, kuma hanta ce babbar mai kwashe shi. A nan ga jiki na ƙara samar da shi, ga mai kwashewar ta kwanta. Mara lafiya sai ya shiga numfashi da sauri da zurfi, jiki na ƙoƙarin rage tsamin. Daga nan sai shawara ta fito, jini ya ƙi daskarewa, sinadarin amoniya ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da yake maitokondiriya a ko'ina suke, wasu sun samu kumburin fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, wasu lalacewar jijiyoyi da tsoka. Laktik ɗin nan da ya fi komai bayyana abin da ke faruwa ba ya cikin layukan takardar awon hanta da aka saba, kuma a lokacin ba a ga dalilin bin sa a kai a kai ba.

Nan ne kuma amsar tambayar da ta fi ci wa iyalai rai take, wato me ya sa daina shan maganin bai cece su ba. Maganin ya riga ya shiga cikin ginin DNA, ba a jini yake yawo ba balle ƙoda ta fitar da shi. Gubar taruwa take yi, shi ya sa gajerun gwaje-gwajen farko na mako 2 ko 4 ba su nuna ta a fili ba, kuma waɗanda suka fi daɗewa suna sha su abin ya fi ci.

Wa ke da laifi

Hukumomi uku suka binciki lamarin, ba su kuma yi magana da murya ɗaya ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda David Kessler ke shugabanta a lokacin, ta fitar da rahoto a watan Nuwamban 1993 tana ganin an yi ta samun alamu a gwaje-gwajen baya, an kuma yi saurin ɗora su a kan cutar asali. A 1994 ta aika wa masu binciken da kamfanonin takardun gargaɗi. Kwamitin da NIH ta kafa ya wanke su a shekarar. A 1995 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka, wadda ba ta ƙarƙashin ko ɗaya daga cikinsu, ta bi takardun marasa lafiyar ta ce ba ta ga sakaci ba, kuma da ilimin da ake da shi a lokacin ba a sa ran wani ya hango abin. A shekarar ce kuma su Hoofnagle suka wallafa cikakken bayanin abin da ya faru.

Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Ban yarda mugunta ko ganganci ne ya kashe mutanen nan ba. Likitocin da suka dakatar da gwaji a ranar Asabar saboda mutum ɗaya, suka kuma fito da komai fili, ba masu ɓoye-ɓoye ba ne. Amma abin da FDA ta nuna da yatsa ɗabi'a ce ta gaske, kuma ba a Amurka kaɗai take ba: idan mara lafiya yana da cutar da za ta iya bayyana duk abin da ya same shi, hankali yakan huta a kanta, a daina tambayar ko abin da muka ba shi ne. Da sakamako mai fuska biyu ya zo, ya kamata a fara ɗaukar mummunar fuskar har sai an kore ta da hujja.

Daga baya FDA ta tsayar da wani ma'auni na gane maganin da ke da haɗari ga hanta, wanda ta sa a cikin jagorarta ta 2009. Ya samo asali daga abin da Dakta Hyman Zimmerman ya lura da shi: idan magani ya sa ALT ya ninka iyakarsa sau 3, bilirubin ya ninka sau 2, kuma babu toshewar magudana ko wani dalili, to aƙalla ɗaya cikin 10 na irin waɗannan mutane na iya rasa rai ko buƙatar dashe. Hikimarsa ita ce haɗa alamar rauni da alamar gazawar aiki. Amma ko shi ba zai kama irin gubar FIAU da wuri ba, tunda ALT bai tashi sosai ba, shawara kuma a makare ta zo.

Batun dabbobi ya ɗauki shekaru kafin a warware shi. An gano akwai wata ƙofa a jikin maitokondiriyar ɗan'adam da ke shigar da maganin ciki, wadda a ɓera ba ta zauna a wurin ba. Da aka ba wata dabbar Amurka mai haƙa rami, dangin kurege, maganin na tsawon makonni, sai ga irin cutar ta bayyana. A 2014 kuma masu bincike a jami'ar Stanford suka ba wa ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum FIAU, hantarsu ta gaza, jininsu ya yi tsami, alhali 'yan uwansu masu hantar ɓera ba abin da ya same su. Shekara 21 ke nan bayan rasuwar mutanen nan 5.

Ta inda ya iso gare mu

FIAU bai taɓa shiga kasuwa ba, amma irin gubarsa ta zo har ƙasashenmu ta wata ƙofa. Stavudine, maganin ƙanjamau da aka yi ta bayarwa a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka a shekarun 2000 saboda araharsa, shi ma yana taɓa wannan maginin na maitokondiriya, duk da bai kai FIAU zafi ba. Ya ceci rayuka masu yawa, amma ya jawo wa wasu ciwon jijiyar ƙafa, zaizayewar kitsen fuska, wasu ƙalilan kuma tsamin jini mai kisa wanda ke farawa da gajiya da amai da rama. A jagorarta ta 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye shi a hankali. Haka nan akwai wata cutar kitsen hanta da kan kama mace a watannin ƙarshe na ciki, mai irin wannan siffar: amai, ciwon ciki, ALT bai kai yadda ake tsoro ba, amma sukari ya faɗi, jini ya ƙi daskarewa. Ba ta da yawa, amma ba ta jira.

Ita kuwa cutar da aka so magancewa tana nan cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022, kuma binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Ba na so wani ya karanta labarin nan ya ji tsoron maganinsa. Bayan FIAU an samu lamivudine a 1998, entecavir a 2005, tenofovir a 2008, kuma miliyoyin mutane sun shekara da shekaru suna shan su lafiya. Haɗarin da ke tattare da su ma ta ɗaya gefen yake: wanda ya daina sha da kansa, don ya ji sauƙi ko don an ce ya koma ga jiƙo da tsimin wankin hanta, cutar na iya dawo masa da ƙarfin da hanta ba za ta ɗauka ba.

Abin da na fi gani shi ne mutum ya fito daga ɗakin gwaji da takarda, ya tsaya a baranda yana bin layuka da yatsa, ya ga ALT 32, ya naɗe ta ya sa a aljihu ya ce Alhamdulillahi, hanta ƙalau. Mai yiwuwa haka ne. Amma hantar da ta ƙanƙance ta yi tauri ita ma takan ba da ALT daidai, domin ƙwayoyin da za su fashe sun yi ƙaranci. A irin wannan hali albumin da ya yi ƙasa da ƙwayoyin filatilet, 'yan ƙwayoyin jinin nan masu taimakawa wajen tsayar da zubar jini, da suka ragu su ke magana. Shi ya sa a jagorarta ta 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa amfani da wani lissafi mai suna APRI, wanda ke haɗa AST da yawan filatilet, gwaje-gwaje biyu masu sauƙin kuɗi da ake samu a asibitoci da yawa, ta ce idan ya haura 0.5 a babban mutum mai cutar B to ya cancanci a fara masa magani.

INR kuwa ba ya zuwa cikin awon hanta da aka saba rubutawa. Sai likita ya nema daban, a ɗebi jinin a wata kwalba daban mai shuɗin murfi, a cika ta daidai layi, a kai ta da wuri. A Nijar za a gan shi da sunan TP. Mai shawara da ya fara barcin rana yana farkawa da dare, ko ya fara rikita magana, ko dasashinsa na jini, da mai juna biyu da amai ya dawo mata a wata na takwas idonta ya sauya, da mai shan wani magani na dogon lokaci da gajiya da amai suka ƙi barinsa har numfashinsa ya fara sauri, waɗannan su ne ake ɗibar wa jinin kwalba mai shuɗin murfi a ranar, a auna musu sukari, a nemi laktik inda ake yin sa, ko da ALT ɗinsu yana cikin iyaka.